Yadda Ake Kare Ramukan Makaman Nukiliya Daga Harin Makamai Masu Linzami

Kare ramin da aka ajiye makami mai linzami ya fi kare birni sauƙi. A birni, bam ɗaya ya kuɓuce an tafka asara. Rami kuwa na kankare ne da ƙarfe, sai bam ya fashe dab da shi yake lalacewa, kuma ba dole ne a ceci duka ba, muddin an bar isassun da za a mayar da martani da su. Tsarin Safeguard da Amurka ta kafa a shekarun 1970 a Nekoma, jihar Dakota ta Arewa, don kare makaman nukiliya masu linzami samfurin Minuteman guda 150 na sansanin Grand Forks, ya nuna matakan a fili.

Da farko sai an hango makamin tun daga nesa. Babbar radar da ke Cavalier, a wannan jihar, arewa take kallo, domin ta can makaman Tarayyar Sobiyet za su ɓullo. Ita ke lissafa inda kowanne zai sauka, ta miƙa wa rada ta biyu da ke cikin wani gini mai siffar dala a Nekoma, wadda ke jagorantar makaman tarewa.

Tarewar hawa biyu ce. Makaman Spartan guda 30, kowanne ɗauke da bam na nukiliya mai ƙarfin megaton 5 (daidai da fashewar tan miliyan 5 na nakiyar TNT), suna tarar abokan gaba a sararin samaniya. Abin da ya tsallake sai Sprint guda 70 su jira shi har ya sauko ƙasa da kilomita 30. Da gangan ake wannan jinkiri: iska tana rage gudun balan-balan da tarkacen da maharin ya watsa don yaudarar rada, kan bam na gaske mai nauyi ya wuce ya bar su a baya. A lokacin 'yan daƙiƙoƙi suka rage, shi ya sa aka ƙera Sprint ya ninka gudun sauti sau 10 cikin daƙiƙa 5.

Wata dabarar kariya kuma ita ce: kada a raba makaman tarewa daidai wa daida a kan ramuka. A zaɓi wasu a asirce a tara musu kariya, ta yadda dole maharin ya kai wa kowane rami hari kamar shi ne aka fi tsarewa.

Babban raunin tsarin yana wurin rada. Ba ta da taurin rami, kuma da zarar an rusa ta, makaman tarewa sun makance. Fashewar nukiliya a sama, har da ta Spartan kansa, tana haddasa wani hazo da ke toshe ganin rada na ɗan lokaci. Ga kuma lissafin kuɗi: ƙara kawunan bam a kan makami ɗaya ya fi ƙara makaman tarewa araha, alhali yarjejeniyar 1972 tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ta ƙayyade makaman tarewa 100 a kowane wuri.

Sansanin Nekoma ya fara cikakken aiki ranar 1 ga Oktoba 1975, washegari Majalisar Wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'ar rufe shi, aka dakatar da shi a 1976. Radar Cavalier ce aka bari tana aikin gargaɗin farko.