Kafin ka ɗora bulo, kira safiyo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara ce ga masu sayen fili a Legas, musamman wajajen Ikorodu, Epe da Badagry inda mutanenmu ke yawan saye yanzu.

Kada ka yarda da "daga wannan bishiyar zuwa wancan kwalbatin" da mai sayarwa zai nuna maka da hannu. Gobe a sare bishiyar, maƙwabci ya ja katangarsa ƙafa uku cikin naka, ba ka da abin nunawa.

Nemi safiyo, wato mai awon fili, mai rajista da SURCON, hukumar da ke kula da masu awon fili a Najeriya, ka tabbatar hatiminsa da sa hannunsa suna kan taswirar filin da zai zana maka. Zai auna fulotin, ya kafa ginshiƙan siminti a kusurwoyi, kowanne da lambarsa, lambobin kuma su ne a takarda. Ranar awon ka gayyato maƙwabtan da kuka haɗa iyaka, su tsaya su gani da idonsu. A ganina wannan ya fi komai kashe rigima, don wanda aka kafa ginshiƙi a gabansa da wuya ya zo daga baya yana musu. Ɗauki hoton kowane ginshiƙi da wayarka, lambar ta fito sosai.

Sannan kafin ka biya kuɗin filin, a kai taswirar ofishin Babban Safiyo na jiha da ke Alausa, Ikeja, a duba ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin. Takardar shaidar mallaka ma ba a samunta sai da wannan taswirar.

In magina sun fara haƙa tushe, ka ja musu kunne kada su tumɓuke ginshiƙan.