Kurakuran da ke hana iyali samun bizar zama a Birtaniya, da yadda za a gyara su

Idan likita ko nas ko injiniya ya samu aiki a Birtaniya, bizarsa ba ta cika ba shi wahala ba, domin asibitin ko kamfanin da ya ɗauke shi ya riga ya yi rabin aikin. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen takardun mai ɗakinsa da yara. Jami'in da zai duba su bai san ku ba, bai halarci ɗaurin aurenku ba, bai ci naman sunan kowa ba. Takarda kawai ke gabansa, kuma abin da takarda ba ta nuna ba, a wurinsa bai faru ba.

Kafin a kashe ko kwabo, a tabbatar aikin da aka samu yana ba da damar tafiya da iyali. Daga 11 ga Maris 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya ɗauko iyalansu, sannan a Yulin 2025 aka rufe ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga ƙasashen waje gaba ɗaya. Ɗalibai ma, tun Janairun 2024, sai masu digirin bincike kamar digiri na uku (PhD) da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu ne ke iya tafiya da iyali. Duk da haka har gobe akwai dillalan da ke karɓar miliyoyin naira da sunan za su samo wa mutum takardar ɗaukar nauyi, wadda ake kira CoS, shi da matarsa da 'ya'yansa. Ba a sayar da wannan takarda. Mai ɗaukar aiki ne ke bayar da ita, kuma sunayen duk wuraren da aka ba lasisin bayarwa suna nan a shafin gwamnatin Birtaniya, kowa na iya dubawa kyauta da wayarsa. Wanda ya sayar da gona ko filin gado don ya biya dillali, ya yi asarar da ba ta da madafa.

Sai batun suna, wanda shi ne ciwon da ya fi damun mutanenmu. Ɗauko takardun gida ɗaya ka shimfiɗa a tabarma ka gani. A fasfon maigida an rubuta Muhammad Sani Abdullahi. A takardar haihuwar babban ɗansa sunan uba Mohammed Sani. A ta ƙaramar an sa Sani A. Gwarzo, saboda a makaranta da sunan gari aka san shi. Uwargida kuwa Hauwa'u ce a takardar aure, Hauwa a fasfo, Kulu a katin asibiti. Mu mun san mutum ɗaya ne, amma jami'in yana iya ganin uba uku. Haka ranar haihuwa: wani an cika masa 1 ga Janairu a wurin yin NIN, takardar makaranta kuma ta ce Yuni. Gyaran shi ne a ɗauki fasfo a matsayin ma'auni, a bi sauran takardu ɗaya bayan ɗaya tun watanni kafin a nemi biza. Takardar haihuwar yaro ta zama ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, mai ɗauke da sunan uwa da uba, ba katin rigakafi ko takardar asibiti ba. Inda ba a iya gyara bambancin ba, a haɗa da takardar rantsuwa daga kotu da ɗan gajeren bayani. Kada a yi shiru a ce ai ba za su lura ba.

Takardar aure ma haka. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida, da waliyyi da shaidu da sadaki, aure ne ingantacce a Najeriya, amma sai an nuna shi a rubuce. Waɗanda ba su karɓi takarda a lokacin ba su nemi shaidar auren daga kotun shari'a ko hukumar da ke da hurumi a jiharsu, kuma ranar da za a rubuta ta zama ranar auren ta gaskiya. Duk takardar da ke cikin Larabci ko Hausa, ko Faransanci ga 'yan Nijar da Chadi da Kamaru, sai an haɗa ta da fassarar Turanci mai ɗauke da sunan mai fassara, da sa hannunsa, da kwanan wata, da yadda za a same shi. Fassarar da ƙani ya yi a gida ba ta shiga.

Yanzu ga wurin da ya kamata a tsaya a yi magana ta gaskiya, domin nan ne ake yi wa iyali illa mafi girma. Birtaniya ba ta ba wa mata biyu bizar zama a kan miji ɗaya. Idan an ba ɗaya, ƙofa ta rufe ga ɗayar. Miji da mata kuma dole kowannensu ya cika shekara 18. Mai mata biyu ya zauna da iyalinsa a yi shawara tun da wuri, a san wadda za ta tafi da yadda za a riƙe haƙƙin wadda za ta zauna, maimakon a bari sai tikiti ya zo hannu rigima ta tashi.

Abin da wasu ke yi shi ne su rubuta 'ya'yan amarya a matsayin na uwargida, ko su sa ɗan riƙo, ɗan wa ko ɗan ƙanwa, cikin jerin 'ya'yan cikinsu. Niyyar kirki ce sau da yawa, mutum yana son yaron ya samu karatu. Amma a dokarsu wannan yaudara ce, kuma hukuncinta na iya kaiwa hana mutum shiga ƙasar har shekara 10, ya kuma shafi duk wata biza da zai nema daga baya. Ko da gaskiya aka faɗa, akwai ƙa'ida: yaro na samun biza ne idan iyayensa biyu suna neman tafiya ko suna can da izini. Idan mahaifiyarsa za ta zauna a gida, ko an rabu da ita, sai uban ya nuna cewa shi kaɗai ke ɗauke da alhakin yaron, ko mahaifiyar ta rasu, ko akwai wani dalili mai ƙarfi sosai. Wasiƙar amincewa daga uwar ba ta wadatarwa ita kaɗai. Ana duba wanda ke yanke shawara kan makarantar yaron, da lafiyarsa, da inda yake kwana. Wannan shi ne wurin da ya cancanci a biya lauyan shige da fice mai rajista, ba mai shagon kwamfuta da ke cike fom ba.

A kula da shekarun yara. Wanda ya cika 18 kafin ranar da aka miƙa takardarsa ya fita daga sahun yara. Iyalai da yawa kan ce bari maigida ya fara zuwa ya kama gida, bayan shekara iyali su biyo. Shawara ce mai kyau, amma idan akwai ɗan shekara 17, a lissafa watanninsa da kyau.

Kuɗin da ake so a nuna a asusun banki ba shi da yawa kamar yadda ake zato, lokacinsa ne ke kayar da mutane. Ana son fam 1,270 na ma'aikacin, fam 285 na matarsa, fam 315 na yaro na farko, da fam 200 ga kowane yaro bayansa. Mai mata da yara uku ke nan zai nuna fam 2,270. Dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko na yini ɗaya, kuma rana ta 28 ta faɗo cikin kwana 31 kafin a miƙa takarda. Da canjin ranar miƙa takarda ake lissafi, don haka wanda ya ajiye naira daidai wa daida, faɗuwar naira ta mako guda na iya jefa shi ƙasa da layi. A ajiye da rara. Sannan a tambayi wurin aikin ko sun rubuta a CoS cewa sun ɗauki nauyin ma'aikaci da iyalinsa na watan farko. Idan sun yi, ba a buƙatar takardar banki sam. Mutane da yawa ba su san a tambaya ba.

Kuɗin da ke girgiza mutane shi ne na lafiya, wanda ake biya gaba ɗaya tun kafin a tafi: fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro, tun Fabrairun 2024. Injiniya mai mata da yara uku da ke neman shekara uku zai biya fam 13,194, ban da kuɗin bizar kanta, wadda kowa ke biyan tasa har jariri na goye. Likitoci da nas-nas masu bizar ma'aikatan lafiya an yafe musu wannan, su da iyalansu.

Gwajin tarin fuka wajibi ne ga mazauna Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan. Ba a kowane asibiti ake yi ba, komai girmansa; sai wanda aka amince da shi, kamar cibiyoyin Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wato IOM, na Abuja da Legas. Takardar wata 6 take yi. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba a cika ɗaukarsu hoton ƙirji ba, amma dole a kai su likita ya gan su ya ba su tasu takardar. Mai juna biyu ta faɗa tun farko, kuma idan aka koma gwajin majina, sakamako na iya ɗaukar mako takwas, alhali CoS wata uku kawai take da shi kafin ta mutu.

Masu aikin lafiya da koyarwa suna buƙatar takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda, kuma abin da ake mantawa shi ne ana neman ta matar ma, daga duk ƙasar da mutum ya yi wata 12 ko fiye a cikin shekara 10 da suka wuce. Likitan da ya yi karatu a Sudan ko Masar ko Malesiya ya fara neman tasa da wuri.

Idan an hana biza, kada a yi gaggawar sake biya. A karanta wasiƙar dalili layi-layi. Idan jami'in ne ya yi kuskure, ana iya neman a sake duba hukuncin cikin kwana 28. Idan takarda ce ta gaza daga wurinku, gara a gyara a sake nema, kuma a fom na gaba a amsa da e inda aka tambaya ko an taɓa hana ku biza, a Birtaniya ko wata ƙasa.

Bayan an isa ma akwai kuskuren da ya shafi matanmu musamman. Don samun izinin zama na dindindin, ba a son mutum ya yi fiye da kwana 180 a wajen ƙasar cikin kowane wata 12, kuma wannan ya haɗa da matar. Wadda ta koma gida haihuwa, ta yi wankan jego, ta tsaya bikin ƙanwa, ta ce bari a yi azumi da salla, tana iya wuce adadin ba ta sani ba. A rubuta ranar fita da ranar dawowa duk tafiya. Jaririn da aka haifa a can kuma ba ya zama ɗan ƙasa don an haife shi a can. Sai an yi masa fasfo, an nema masa tasa bizar, kafin a fita da shi zuwa ganin kakanni. Wa'adin samun zaman dindindin shekara 5 ne aka saba, amma a Mayun 2025 gwamnatin ta bayyana niyyar mayar da shi 10, don haka a duba shafin gwamnati a makon da za a cike fom, a tabbatar da kowane adadi kafin a biya.