Kurakuran da suka ci jarin 'yan kasuwar Zango a lokacin korona, da yadda za a gyara su

Kullen da gwamnati ta yi wa Kumasi da Accra a 2020 mako uku ne: ya fara ranar 30 ga Maris, aka ɗage shi 20 ga Afrilu. Mako uku bai isa ya kayar da sana'ar da mutum ya shekara goma yana ginawa ba. Amma duk mazaunin Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ya san shagon da aka sa wa kwaɗo a waɗannan kwanaki, yau wani ne daban a ciki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta yi tare da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP) da Bankin Duniya ya nuna an rage wa ma'aikata kusan 770,000 albashi, an sallami kusan 42,000. Waɗanda suka faɗi da waɗanda suka miƙe, a ganina ba girman jari ne ya raba su ba. Wasu halaye ne da muka saba da su tun ana lafiya, annoba ta zo ta tona su. Har yanzu kuma muna yin su, shi ya sa maganar ba ta tsufa ba.

Babban kuskure, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne haɗa jari da kuɗin cefane a wuri ɗaya. Je ka tsaya wurin mai waakye (shinkafa da wake) da sassafe ka duba robar da ke ƙarƙashin teburinta. Cinikin ranar a ciki yake shiga. Yaro zai tafi makaranta, a ciki za a ɗebo masa. Mai gawayi ya zo, a ciki. Mai karɓar adashi ya biyo, a ciki. Da la'asar an aiko da yayin bikin 'yar maƙwabciya, a ciki za a cire rabin kuɗin. Idan ka tambaye ta ribar yau, za ta ce "Alhamdulillahi", da gaske kuma take, domin gobe wani cinikin zai shigo ya rufe ramin. Ranar da cinikin ya tsaya, gidan bai daina cin abinci ba. Cikin kwanaki kaɗan kuɗin shinkafa da wake ya zama tuwon dare, da aka buɗe gari babu abin ɗora tukunya. Wannan ba halin mata masu abinci kaɗai ba ne. Alhazan Alabar ta Kumasi masu manyan shaguna da yawa haka suke yi, aljihun babbar riga ne kawai ya maye gurbin roba.

Gyaran ba ya buƙatar akanta. Ki yanka wa kanki ladan yini, Hajiya, kamar yadda za ki yanka wa 'yar aiki, gida ya ci daga wannan ladan. Kuɗin sayo kayan gobe a ware shi tun kafin a taɓa komai, a wata jaka daban ko a wani layin MoMo (asusun kuɗi na waya) daban. Sai kaso na uku, komai ƙanƙantarsa, wanda ba a taɓawa don biki ko suna, har ya kai abin da zai riƙe sana'ar wata guda ba ciniki. A sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kullum a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Wadda ba ta iya boko ba ta rubuta da ajami, ko ɗanta ya rubuta mata bayan sallar isha'i.

A nan sai na yi magana kan adashi, domin na san za a ce ai shi ne ajiyarmu. Adashi abu ne mai kyau, ya aurar da 'ya'ya ya buɗe shaguna. Amma ƙarfinsa yana kan cewa ba a shiga matsi gaba ɗaya a lokaci guda. Annoba kuwa kowa ta taɓa rana ɗaya, zubi ya tsaya, wadda kwasarta ta zo ta tarar babu abin kwasa. A ci gaba da adashi, amma kada ya zama shi kaɗai ne ajiya. Wanda zai kai kuɗi wata ma'ajiya ya tabbata tana da lasisin Babban Bankin Ghana; a 2019 bankin ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347, mutanenmu da yawa sun sha wahala kafin su ga kuɗinsu.

Kuskure na gaba shi ne zaman jiran "gobe za a buɗe". A duba yadda abin ya ja. An rufe makarantu 16 ga Maris 2020, yaran firamare ba su koma aji ba sai Janairun 2021. Masallatai sai 5 ga Yuni aka buɗe, da ƙayyade yawan mutane. Ƙaramar Sallah ta wuce ba taron idi. Hajjin 2020 babu maniyyaci ko ɗaya da ya tashi daga Ghana. Filin jirgin Kotoka sai 1 ga Satumba, iyakokin ƙasa kuwa sai 28 ga Maris 2022. Mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar makaranta, idan ta zauna jiran ɗalibai, wata goma za ta yi. Tela da ya dogara da ɗinkin Sallah da na bukukuwa ya ga shadda jibge ba mai tambaya.

Telolin da suka tsira su ne waɗanda suka dubi keken da guntayen atamfar da ke ƙarƙashinsa suka fara ɗinka takunkumi, wasu har makarantu da ofisoshi suka riƙa yi musu oda daga baya. Tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa tun a makon farko ita ce: me ke hannuna, keke ne ko murhu ko babur ko firji, kuma wa ke buƙatarsa yau? Sai dai akwai ramin da ke ɗaya gefen. Wasu sun kwashe jarin kaf suka sayi katan-katan na man tsaftace hannu lokacin da farashinsa ya kai ƙololuwa. Da kamfanonin gida irin su Kasapreko da GIHOC suka shiga yin sa, kaya ya yawaita, farashi ya sauko, suka rage da kwalabe a ɗaki. Idan za a gwada sabon abu, a gwada da kaɗan, kuma ya zama kusa da sana'ar da aka sani.

Sai ɓuya daga masu bin bashi, wanda shi ne ya fi yi min ciwo, domin kunya ce ke jawo shi ba mugunta ba. Kasuwancinmu a Zango kan amana yake tafiya. Dillali ya ba ka buhun albasa ko bandir ɗin yadi, ka sayar ka kawo. Da ciniki ya tsaya, mutum sai ya kashe waya, ya sauya hanyar zuwa masallaci don kada su haɗu. Shi kuwa mai kayan ba rashin kuɗin ne ya fi ɓata masa rai ba, shi ma ya san halin da gari ke ciki. Shirun ne. Ranar da kasuwa ta dawo, wanda ya ɓuya ya tarar ƙofar bashi ta rufe, alhali a lokacin ne ya fi buƙatarta.

Tun kafin ranar biya ta zo, ka taka ƙafa ka je, ko ka kira. "Alhaji, ka ga yadda gari ya zama. Kayanka rabi na nan ban sayar ba, ga lissafin. Abin da zan iya kawowa duk Juma'a ke nan, in Allah ya yarda, har in gama. In ka fi so in dawo da ragowar kayan, sai in dawo da su." Magana irin wannan ba kasafai take faɗuwa ƙasa ba. Haka za a yi da maigidan haya. A Kumasi an saba karɓar hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 ba ta yarda a wuce wata shida ba. Wanda wa'adinsa ya ƙare a tsakiyar annoba ya nemi a raba masa biya wata-wata, in abin ya ƙi ci akwai ofishin sasanta rikicin haya na gwamnati. Duk abin da aka amince a rubuta, a sa shaida. Addininmu ya riga ya umarce mu da rubuta bashi, ya kuma umarci mai bi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Kai ma waɗanda kake bi, kada ka yi musu shiru har shekara ta zagayo, kada kuma ka shaƙe su. Ka yanka musu abin da za su iya kawowa duk mako.

Wani kuskuren shi ne mai ciniki ya san wurin zamanka amma bai san lambarka ba. A Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, da kewayenta, mutum na iya shekara biyar yana saye a hannunka, ba ka da lambarsa, ba shi da taka. Ranar da aka taƙaita zirga-zirga ko aka raba wa 'yan kasuwa ranakun fitowa, kun rabu ke nan. Masu abinci ba a hana su aiki ba a lokacin kullen, amma masu sayen ne ke zaune a gida. Waɗanda ke da lambobin mutanensu suka riƙa ɗora hoton kaya a WhatsApp, a yi oda, mai babur ya kai. Babban Bankin Ghana ma ya sauƙaƙa: daga Maris 2020 aka cire cajin tura kuɗin da bai wuce sidi 100 ba ta waya na wani lokaci, aka kuma ɗaga adadin da mutum zai iya ajiyewa da turawa. Wanda ya dage sai kuɗi a hannu ya bar ciniki ya wuce shi. A fara tara lambobin nan tun yau, a rubuta taka a jikin allo ko ledar kaya. Amma a kula da 'yan damfara: kada a saki kaya don an ga saƙon shigar kuɗi, a duba asusun da kai. Lambar sirri kuwa ba a faɗa wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake.

Rashin takarda ya hana mutanenmu da yawa abin da suke da haƙƙi a kai. A watan Mayun 2020 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da tallafin sidi miliyan 600 ga ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta hannun hukumar NBSSI, wadda yanzu ake kira Ghana Enterprises Agency. Rance ne mai sauƙi, da shekara guda ta hutu kafin a fara biya. Cikin abubuwan da aka nema akwai lambar haraji ta TIN, nan aka bar da yawa a baya, suna layi a lokacin da wasu suka riga suka cike fom. Tsoron da muke yi shi ne in gwamnati ta san da kai za ta biyo ka da haraji. Harajin nan kuwa muna biyansa a tikitin kasuwa da kan kayan da muke saye, ko da takarda ko babu. Tun Afrilun 2021 lambar Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, ita ce lambar harajin mutum, saboda haka rabin aikin ya ƙare. Saura rajistar sunan sana'a da shiga ƙungiyar masu sana'arka, domin ta nan labarin tallafi ke fara isowa. Wanda kuma ya karɓi rance ya san rance ya karɓa.

Masu fatauci nasu kuskuren dogaro da hanya ɗaya ne. Da aka rufe iyakokin Ghana a Maris 2020, mutane aka hana wucewa, ba kaya ba. Wanda ya saba sai ya je Lome ko Wagadugu da ƙafarsa ya zaɓo kaya ya tsaya cik. Wanda ke da amintaccen wakili a can da direban da ya sani, motarsa ta ci gaba da shigowa ta iyakar Aflao ko ta Paga. Fataken goro sun riga sun ɗanɗana wannan tun Agustan 2019 da Najeriya ta rufe nata iyakokin. Kowane irin kaya a nemi mutum na biyu da za a iya saya a hannunsa, a riƙa ɗan taɓa ciniki da shi ko ba a matse ba.

Tsawwala farashi ranar da mutane suka firgita riba ce ta kwana biyu. Unguwa ba ta manta wanda ya ninka kuɗin gari ana gobe kulle. Korar yaran shago gaba ɗaya ma haka: gara a raba musu kwanakin aiki, a faɗa musu gaskiyar abin da ke shigowa, da a nemi sabon yaro a koya masa daga farko. Bokitin wanke hannu mai famfo da sabulu a ƙofar shago kuwa ba don jami'an hukuma kawai ba ne. Sana'ar da mutum ɗaya ke riƙe da ita, in ya kwanta mako biyu ta kwanta tare da shi, saboda haka a samu wani a gida da ya san inda littafi yake da wanda ake bi da wanda ke bi.

Akwai waɗanda suka tsallake kullen lafiya, sai bayansa suka faɗi, saboda suna sa farashi da kuɗin da suka sayo kaya maimakon kuɗin da za su sake sayowa. Hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disambar 2022, sidi kuma ya faɗi ƙwarai a wannan shekarar. A ce ka sayo buhu a sidi 400, ka sayar da shi kaɗan-kaɗan ka tara 460, kana murnar ribar 60. Ka koma wurin dillali ka tarar buhun ya zama 480. Ba riba ka ci ba, sidi 20 ne ya fita daga jarinka, ban da kuɗin aboboya, babur mai ƙafa uku da ya kawo kayan. Kafin ka buɗe shago duk ranar Litinin, ka kira dillalinka ka ji farashin ranar, a kansa za ka ɗora ribarka.