Yadda ma'aikacin masana'anta zai gane abin da manufar cinikin waje za ta yi wa aikinsa

Duk lokacin da gwamnati ta haramta shigo da wani kaya, ko ta rage masa kuɗin fito, ko ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki da wasu ƙasashe, abin da ma'aikacin masana'anta yake son sani shi ne ko matakin zai tsare masa aikinsa ko zai raba shi da shi. Sanarwar da ake karantawa a rediyo ba ta amsa wannan tambaya, domin tsakanin takardar da aka sa wa hannu a Abuja da ƙofar masana'anta a Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, ko Sharaɗa, unguwar masana'antun Kano, akwai abubuwa da dama da suke iya juya sakamakon. An tsara wannan bayani ne domin ma'aikaci da wakilin ƙungiyar ƙwadago, kuma an ɗauki masaƙun Kaduna da Kano a matsayin misali saboda babu irin matakin da ba a gwada a kansu ba.

Ka fara da neman lambar da hukumar kwastam ta ba kayan da masana'antarku take yi. Kowane kaya da ake ciniki a duniya yana da lambarsa a kundin haraji, kuma kundin ya kasu babi-babi: auduga da zarenta da yadinta suna babi na 52, zaren roba da yadinsa suna babi na 54 da na 55, tufafin da aka ɗinka suna babi na 61 da na 62. Tun daga shekarar 2015 Najeriya take aiki da harajin bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, wanda yake da matakai biyar, wato sifili, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari, ko da yake gwamnati takan ɗora wasu ƙarin kuɗaɗe a kan wasu kayayyaki. Idan ka samu harajin kayan da kuke fitarwa, kada ka tsaya nan, sai ka nemi harajin kayan da kuke sayowa daga waje domin yin aikin, kamar rini da sinadarai da kayan gyaran injuna, saboda tazarar da ke tsakanin harajin biyu ita ce ainihin kariyar da masana'anta take samu.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ya kamata kowane wakilin ma'aikata ya iya yinsa a kan takarda. A ɗauka cewa wani yadi ana sayar da shi naira 100 a kasuwar duniya, kayan haɗa shi kuma sun ci naira 60, saboda haka naira 40 ce ta rage wadda daga cikinta ake biyan albashi da kuɗin wuta da ribar kamfani. Idan aka sa harajin kashi 20 a kan yadin waje, aka sa kashi 5 a kan kayan haɗi, masaƙar gida za ta iya sayar da nata a 120 bayan ta kashe 63, sai 57 ta rage mata a maimakon 40. Idan kuwa aka sauke harajin yadin zuwa kashi 10, aka bar na kayan haɗi a kashi 20, za ta sayar a 110 bayan ta kashe 72, abin da ya rage mata 38 ne kawai, ƙasa da abin da za ta samu da babu haraji ko kaɗan. A irin wannan hali gwamnati tana iya cewa tana kare masana'antun gida, kuma a takarda gaskiya ta faɗa, amma rabon da albashi yake fitowa daga cikinsa ya tsuke, kuma wurin da kamfani yake fara taɓawa idan rabon ya tsuke shi ne yawan ma'aikata.

Bayan haraji sai ka duba farashin dala, domin canjin kuɗi yana iya rushe lissafin da ke sama a cikin mako guda. Mutane da yawa suna ɗauka cewa faɗuwar naira alheri ce ga masana'antar gida tunda tana tsadar da kayan waje. Hakan yana tabbata ne kawai ga masana'antar da take samun yawancin kayan aikinta a cikin ƙasa. Lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986 aka karya darajar naira, masaƙun da suka dogara da rini da kayan gyara na waje sun ga kuɗin aikinsu ya ninka, kuma a wannan shekarar ce aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, wadda ita ce take raba iri da tantance inganci tsakanin manoman Funtuwa da Gusau da Malumfashi da masaƙun da suke jiran audugarsu. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, cikin kowace naira ɗari da kamfaninku yake kashewa, nawa ce take bukatar dala? Idan ta haura rabi, to kowace faɗuwar naira barazana ce ga aikinka, ko da an hana shigo da kayan da kuke gasa da su. Haka kuma ka riƙa bin sanarwar Babban Bankin Najeriya, wanda a 2015 ya hana masu shigo da kayayyaki 41 samun dala a farashin gwamnati, sannan ya janye hanin a watan Oktoba na 2023, domin irin wannan mataki haraji ne a fakaice ko da ba a kira shi da wannan suna ba.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi a arewacin Najeriya, shi ne iyaka. Haramci ba ya kare aikin kowa sai idan ana iya aiwatar da shi, kuma tarihin yadi ya nuna cewa sau da yawa ba a iyawa. An ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mayar da shi a farkon shekarun 2000, amma a daidai wannan lokaci ne manyan masaƙu suka riƙa rufewa. Kamfanin Kaduna Textiles, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da wani kamfanin Ingila ya fara aiki a 1957, ya tsaya a 2002, sannan United Nigerian Textiles, wanda ya fi kowace masaƙa girma a Kaduna, ya rufe a 2007. Yadin da aka haramta bai daina shigowa ba, hanya kawai ya sauya: a sauke kwantena a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome da sunan kaya masu wucewa zuwa Nijar, a kai su Maraɗi ko Birnin Ƙonni, daga nan a shigo da su ta ɓarauniyar hanya har Kano. Abin lura shi ne cewa mafi girman tazarar da ke tsakanin harajin Najeriya da na maƙwabtanta, mafi yawan ribar ɗan fasa-ƙwauri, har ta kai cikakken haramci ya zama ya fi masa amfani a kan matsakaicin haraji, tunda a ƙarƙashin haramci gwamnati ba ta karɓar ko kwabo, mai shigo da kaya ta halal kuma ya fita daga kasuwa.

Gwajin wannan ba ya bukatar alƙaluman gwamnati. Wata uku bayan an sanar da haramci ko ƙarin haraji, ka shiga Kantin Kwari ko babbar kasuwar garinku ka tambayi farashin turmin atamfar waje mai kama da wadda kuke yi, ka kuma duba ko tana nan a wadace. Idan farashinta ya tashi sosai kuma ta yi ƙaranci, matakin yana aiki. Idan ya ɗan motsa kaɗan kayan kuma suna nan jibge, to abin da aka ƙara kuɗin hanya ne kawai, kuma kariyar da aka yi muku alkawari ba ta iso ba. Gwanjo ma shaida ne, domin yana cikin jerin kayan da doka ta haramta shigo da su gaba ɗaya, amma babu kasuwar da ba a kasa shi a fili.

Daga nan sai ka ɗaga kai ka dubi abin da ake yankewa a wajen ƙasar, wanda gwamnatinku ba ta da cikakken iko a kansa. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, ƙasar Sin ta shiga a watan Disamba na 2001, kuma a ranar 1 ga Janairu 2005 tsarin ƙayyade yawan yadi da tufafin da ƙasashe masu tasowa suke iya kaiwa Turai da Amurka, wanda aka fara tun 1974, ya zo ƙarshe. Duk wanda ya san waɗannan ranaku zai iya hango abin da ke tafe, domin an sanar da ranar ƙarshen tsarin shekara goma kafin ta zo. Masana'antar da take sayarwa a waje tana da nata haɗarin na daban. Ƙasar Lesoto ta gina masana'antun ɗinki masu ɗaukar dubban ma'aikata, mafi yawansu mata, a kan dokar AGOA da Amurka ta yi a 2000 wadda ta ba kayan wasu ƙasashen Afirka damar shiga ba tare da haraji ba, sai ga shi a watan Afrilu na 2025 an sanar da harajin kashi 50 a kan kayanta, kuma kafin a sauke shi zuwa kashi 15 masu saye sun riga sun janye oda. Don haka ka binciki ƙasar da take sayen mafi yawan kayanku, da yarjejeniyar da cinikin ya dogara a kanta, da ranar da za ta ƙare. Game da yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a watan Yuli na 2019, sashen da ya fi shafar ma'aikaci shi ne ƙa'idar asalin kaya, domin ita ce take fayyace ko yadin da aka saƙa a Asiya aka yi masa ɗan aiki a wata ƙasar Afirka zai shigo a matsayin na Afirka.

Kada ka ɗora wa ciniki laifin da ba nasa ba. Masaƙa tana shan wutar lantarki da baƙin mai da ruwa, kuma wadda take tafiya a kan janareta ba za ta yi gasa da wadda take da tsayayyiyar wuta ba, komai tsawon katangar haraji. Asusun naira biliyan 100 da gwamnati ta ware wa auduga da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu a ƙarshen shekarun 2000 bai dawo da Kakuri yadda take ba, saboda bashi ba ya maganin tsadar wuta da fasa-ƙwauri. Siminti ya tafi ta wata hanya dabam: tun 2002 aka ɗaure izinin shigo da shi da sharaɗin gina masana'anta a gida, dutsen da ake yinsa da shi yana cikin ƙasa, nauyinsa kuma ya sa fasa-ƙwaurinsa ba ya biya, sai kariyar ta haifar da masana'antu irin ta Obajana, ko da yake mai gini ne yake biyan kuɗinta a farashin buhu. Wannan ya kamata wakilin ma'aikata ya riƙe idan zai yi magana da hukuma, domin tela da ɗan kasuwa da mai saye su ma suna da nasu lissafin, kuma yadi mai araha aiki ne ga teloli masu yawan gaske. Ƙungiyar da ta nemi sauƙin haraji a kan rini da injuna, da tsayayyiyar wuta, da harajin da za a iya karɓa a iyaka, ta fi samun masu goya mata baya a kan wadda ta tsaya a kan haramci kaɗai.

Sauran aikin a cikin masana'anta yake. Matsala takan bayyana a sito kafin ta bayyana a takardar albashi, don haka ka lura ko kaya suna taruwa ba a kwasa, ko an soke aikin dare, ko an daina gyara injin da ya lalace ana cire kayansa a sa wa wani, ko an fara maye gurbin ma'aikatan dindindin da na wucin gadi, ko kamfanin da kansa ya fara shigo da irin kayan da yake yi yana sayarwa. Idan biyu ko uku daga cikin waɗannan suka haɗu da sauyin haraji ko na canjin kuɗi, lokacin shiri ya yi. Ka adana takardar ɗaukarka aiki da takardun albashi da kwafin yarjejeniyar da ƙungiyarku ta ƙulla da kamfani a gida, ba a akwatin wurin aiki ba. Ka duba asusun fanshonka kowane wata ka tabbatar kuɗi suna shiga, domin dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai kamfani zuba aƙalla kashi 10 ma'aikaci kuma kashi 8, kamfanin da ya shiga matsi kuwa yakan cire kason ma'aikaci ya riƙe bai tura ba. Dokar ta kuma ba wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba damar cire kashi 25 na abin da ke asusunsa.

Sashe na 20 na dokar ƙwadago ya tanadi cewa idan za a rage ma'aikata, dole kamfani ya sanar da ƙungiyarsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar cewa wanda ya shigo daga baya shi zai fara fita tare da la'akari da ƙwarewa, kuma a yi ƙoƙarin daidaitawa a kan kuɗin sallama. Dokar ba ta faɗi adadin kuɗin ba, saboda haka abin da aka rubuta a yarjejeniyar ƙungiya shi ne abin dogaro, kuma lokacin rubuta shi shi ne sa'ad da injuna suke juyawa kamfani yana bukatar ma'aikatansa. Ma'aikatan Kaduna Textiles sun shafe shekaru bayan 2002 suna bin haƙƙoƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Idan kamfani ya ƙi biyan abin da aka amince a kai, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take da hurumin sauraron ƙarar, kuma ya fi kyau a shigar da ita tun kafin a fara sayar da injuna da filin masana'antar.