Darasi na 7: Kare da Cizo

Kare bai cika cizo haka kawai ba. Kafin ya kai baki yakan yi gargaɗi, mu ne ba ma lura. Ka dubi jikinsa: ya sanƙame wuri ɗaya, gashin bayansa ya mimmiƙe, haƙora a waje, yana gurnani ƙasa-ƙasa. Wani kuma sai ya cusa jela tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa. Wannan tsoro yake ji, kuma karen da aka rutsa a lungu ya fi kowane saurin cizo.

Idan ka ga haka, kada ka ruga, domin gudu shi ke sa kare ya bi mutum. Ka tsaya cik, hannuwa a jiki, kada ku haɗa ido, sannan ka ja da baya a hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. A unguwanninmu da sun hango kare sai jifa da ihu, manya na zaune ba mai kwaɓa. Karen da ya saba shan dutse yakan ɗauki kowane yaro abokin gaba. A hana su tsokana. A hana su taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, balle karya mai shayar da 'yan kwikwiyo. Mai karen gadi ma yana da laifi idan ya ɗaure shi yini guda cikin rana, ba ruwa ba abinci, ga duka.

To idan cizon ya auku fa? Nan take a wanke wurin da sabulu, ana ta zuba ruwa har minti 15. Daga nan sai asibiti a ranar, ko da ƙwarzane ne kawai. Kada a tsaya shafa toka ko barkono. Cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, da yawansu yara ne, kuma da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a rayu. Allurar da aka fara da wuri ita ke ceto.

Shi ma karen gida a kai shi wurin likitan dabbobi tun yana wata 3, a riƙa maimaita masa rigakafi duk shekara.

Aikin gida: ka tambayo inda ofishin likitan dabbobi yake a ƙaramar hukumarku, ka rubuto sunan wurin a littafinka.