Yadda ake zana farashi da Matplotlib, lambobi ba su rikice ba

Ɗaliban da ke haɗa aikin kammala karatu a nan Bauchi sukan zo da ƙorafi iri ɗaya: zane ya fito, amma layin ya miƙe sama sak, alhali farashin da suka tattaro hawa da sauka yake yi. Laifin ba na Matplotlib ba ne, wato manhajar Python da ake zana jadawalin lambobi da ita. Tun 2003 da John Hunter ya fito da ita ake aiki da ita, kuma abin da ka ba ta shi take zanawa.

Na ɗauka kana da Python. Rubuta pip install matplotlib pandas a terminal don sauke Matplotlib da pandas mai karanta bayanai, sau ɗaya kawai, daga nan ba ruwanka da data. Google Colab, shafin da ake rubuta Python a intanet, ma yana yi, sai dai duk buɗewa sai ya ci maka data. Wanda ba shi da kwamfuta ya sauke Pydroid 3 a waya, ya yi haƙuri da ƙaramin allo.

A ce ka bi 'yan hatsi a kasuwar Muda Lawal, ka rubuta farashin buhun masara wata-wata a Excel, jeri ɗaya mai suna "wata", ɗaya mai suna "farashi", ka ajiye shi a matsayin fayil ɗin CSV mai suna masara.csv. Fara da wannan:

import pandas as pd
import matplotlib.pyplot as plt
bayanai = pd.read_csv("masara.csv")
print(bayanai.dtypes)

Kada ka tsallake layin ƙarshe, nan ne ake faɗawa rami. Dubi abin da aka rubuta a gaban "farashi". In ka ga int64 ko float64, wato lambobi ne, lafiya lau. In ka ga object ko str, tsaya. A wurinka 45,000 kuɗi ne, a wurin kwamfuta rubutu ne kamar sunan mutum, saboda waƙafin da ke tsakiya. Ita kuwa Matplotlib idan ta karɓi rubutu ba ta yin gardama. Jera su take a gefen hagu bisa yadda suka zo, na farko a ƙasa, na biyu a kansa. Shi ya sa za ka ga 52,000 a ƙarƙashin 38,000, layi kuma yana ta hawa. Babu jan rubutu, babu gargaɗi, sai malami ya gano ranar kare aiki.

Maganinsa gajere ne:

bayanai = pd.read_csv("masara.csv", thousands=",")

Sake duba dtypes. In har yanzu bai sauya ba, akwai wani gida da ka sa N a gaban kuɗin, ko ka rubuta "babu" a watan da ba ka je kasuwa ba. Gida ɗaya tak ya isa ya mayar da duk jerin rubutu. Koma Excel ka goge, ka bar wurin fayau.

Sauran mai sauƙi ne:

plt.plot(bayanai["wata"], bayanai["farashi"], marker="o")
plt.xlabel("Wata")
plt.ylabel("Farashin buhu da naira")
plt.xticks(rotation=45)
plt.tight_layout()
plt.savefig("masara.png", dpi=300)
plt.show()

Abin da ke tafiya da lokaci, layi ake yi masa. In kwatanta masara da dawa da gero kake so, yi amfani da plt.bar, kuma sandunan su tashi daga sifili. Zanen nan mai kama da faifai da aka yanka-yanka kuwa, ni ba na karɓarsa, ido ba ya iya auna yankan.

Lura cewa savefig na gaban show. Ka juya su, sau da yawa farin hoto za ka tarar a fayil. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna fitowa daidai da rubutun DejaVu Sans da Matplotlib take zuwa da shi, don haka kada ka canza shi don ado. In kuma baƙi da fari za a buga maka a shagon buga takardu, launi ba zai raba layuka biyu ba, sa wa ɗayan linestyle="--".