Kurakuran masu kallon tsuntsaye a bazarar Maraɗi

Kuskure mafi girma shi ne ɗaukar lissafin littattafan Turai a ɗora shi a kan ƙasarmu. A can, Maris zuwa Mayu lokacin isowar tsuntsaye ne, amma a nan lokacin ban kwana ne da baƙin da suka yi rani tare da mu. Wanda ya jira Afrilu kafin ya je tafkin Madarunfa zai tarar ruwa ya ja baya, yawancin agwagin ruwa da masu kiwo a taɓo kuma sun kama hanyar tsallake Sahara. Gyaran shi ne a fara fita tun Fabrairu, da sassafe, domin zafin Afrilu yakan wuce digiri 40, tsuntsu kuwa ya san inuwa.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai kaɗa wutsiya da ke bin sawun shanu a bakin ruwa yana tsintar ƙwari. A Maris cikinsa yakan yi rawaya sosai, har mutane su ce sabon baƙo ya sauka, alhali tun kaka yake nan. Gashin jikinsa ya sake, yana tara kitsen tafiya. Saboda haka kada a riƙa tayar da shi don neman hoto, abin da yake ci guzurinsa ne.

Masu isowa na gaskiya daga kudu suke zuwa, jagorarsu kuwa shamuwa ce, wadda kan bayyana wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari. Wasu kan rikita ta da babbar 'yar uwarta ta Turai. A dubi jiki: shamuwarmu baƙa ce mai farin ciki, waccan kuwa fara ce, mai jan baki da jajayen ƙafafu. Ganin guda ɗaya kuma bai isa a ce damina ta tsaya ba, sai an ga suna ɗaukar kirare.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne rubuta lokaci da watan Musulunci kaɗai. Shekararsa tana gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka "na gan ta a azumi" ba zai ba da damar kwatanta bana da bara ba. A rubuta kwanan wata na boko, da wuri, da adadi, da abin da tsuntsun yake yi lokacin da aka gan shi.